Ruwan da Na Sha da Rana a Lakwaja

Bana azumi ya zo mana a tsakiyar bazara. Tun hantsi kwanon rufin ɗakina ke ƙara, ƙas-ƙas, kamar ana taka busasshen kara a kansa, in la'asar ta yi kuwa jikokina sai su bazu cikin unguwarmu Limawa, nan Minna, neman ƙanƙara, don wuta ba ta zama. Jiya ina kwance a ƙofar ɗaki, na jiƙa zane na lulluɓa, sai wata iska mai ɗumi ta taso daga wajen duwatsu, ɗauke da warin mangwaron da ya faɗi ya ruɓe. Na san iskar nan. Azumi makiyayi ne, ba ya zama wuri ɗaya. Ya bi sanyi, ya bi kaka, ya ratsa damina, sai bayan shekara talatin da 'yan kai ya komo inda ya bar mutum. To, ya komo inda ya bar ni. Wancan karon haƙorana cike suke, ƙafata tana kai ni inda na so, kuma a cikinsa ne na yi tafiya har Lakwaja saboda ƙwallon kwando.

Waccan shekarar ruwa ya yi mana rowa. Famfon unguwa ya bushe har kiyashi suka yi gida a bakinsa. Rijiyar gidanmu, wadda surukata take cewa tun zuwan jirgin ƙasa ba ta taɓa ƙafewa ba, sai da guga ya riƙa dawowa da laka. 'Yan garuwa suka zama sarakuna, sai an yi musu magiya. Mu mata da an idar da asuba sai mu kwashi bokitai mu nufi inda aka ce an ga ruwa, wata rana kusa, wata rana sai mun hau a-kori-kura har kogin Chanchaga, mu tona yashi mu zauna muna jiran ya tsatso. A dawo kafin rana ta buɗe ido. Ruwan da aka wanke shinkafa, shi za a wanke kwano da shi, shi kuma za a yayyafa a tsakar gida don a sami inda za a shimfiɗa tabarma.

Da azahar gari yakan mutu. Ba kukan kaza, ba na yaro. Sai an kusa la'asar a ji turmi ya fara magana a wani gida, na kusa ya amsa. A jiƙa tsamiya, a surfa wake, a aika niƙa, a dama kunu, a ɗora kaskon ƙosai. Doya ta yi wuya, wadda ta rage a rumbunan manoma iri ce, tana jiran ruwan sama. Hadari kullum sai ya haɗu ta gabas, ya yi baƙi, ya yi ta gurnani, mu kwashe shanya, sai ya watse ya bar mu da ƙurajen zafi. Randa muke naɗe wa jiƙaƙƙen buhu, ita ce firjinmu. Ba mu san ƙanƙara ba sai a bakin masu kuɗi.

Yanzu sai in faɗi wanda aka yi tafiyar dominsa, amma ba za a ji sunansa a bakina ba. Ɗan farina ne. Mu yadda aka tashe mu, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa, ba ta ci ko sha a gabansa, ba ta nuna wa duniya cewa nata ne. Yana barin nono surukata ta ɗauke shi zuwa ɗakinta, a can ya girma, gida ɗaya muke amma kamar maƙwabta. Yaya yake ce mini, yadda ya ji ƙannena suna faɗa. In ina da magana da shi, ƙanwarsa Hajara nake aikawa, ko da yana tsaye a gabana. "Hajara, ki gaya wa wancan tuwonsa yana hucewa." Shi kuma ya ce, "Ki ce wa Yaya na ji." Mutanen unguwa Dogo suke ce masa. Wannan ba suna ba ne, tsayi ne, don haka ina iya faɗa.

Ubansa ma'aikacin reluwe ne, cikin masu gyaran layi, Allah ya ji ƙansa. Ya rasu yaron na gab da gama sakandare. Da ya shiga kwaleji a nan Minna sai na fara jin wai yana cikin 'yan ƙwallon makarantar, ba ta ƙafa ba, ta hannu. Na ce wane irin wasa ne wannan, ƙarti majiya ƙarfi suna bin ƙwallo suna jefawa a kwandon da ba shi da gindi? Wadda ta kai ni na gani da idona ita ce Maman Bulus, ƙawata, 'yar Gbagyi mai sayar da doya, danginta duk manoma ne a Chanchaga. Ɗanta Bulus tare suke wasa. Ita ba ruwanta da kunya irin tamu, a tsakiyar kasuwa take kiran ɗanta ta ja masa kunne. Ta ce in dama zoɓo in kai bakin filin, 'yan kallo za su saya. Na dama na kai. Hannuna yana auna zoɓo, idona yana wani wuri.

Ranar farko na ga yaranmu suna jefawa a kwandon da ke wajen bishiyar mangwaro, na riƙe wannan a raina. Aka hura usur, aka huta, aka dawo. Sai na ga Dogo ya ɗauki ƙwallo ya nufi ɗaya kwandon a guje, wanda abokan karawarsu ke jefawa ɗazu. Ban san sanda na saki ludayi ba. "Kai, ku tare shi, ya ɓata hanya!" Maman Bulus ta yi dariya har ta zauna a ƙasa.

"Sauya gefe ake yi bayan hutu, Maman Hajara! Ke da kika zo sayar da zoɓo, ina ruwanki da ɗan mutane?"

Na ja mayafi na rufe fuska. Amma daga ranar ban ƙara fashin wasa ba. Na san ƙarar takalminsa a kan siminti, na san in zai yi tsalle yakan ciji leɓensa na ƙasa kamar ubansa in zai ɗaga kaya.

Shekarar da nake ba da labari yaran suka yi ta cin wasa. Suka ci na kusa, suka ci na nesa, har aka ce za su Lakwaja, inda kwalejoji za su haɗu a fitar da zakara. Sai abin ya faɗo cikin azumi. Ana saura 'yan kwanaki su tashi, da yamma ina tace kunu, sai ga Bulus ya shigo da Dogo a kafaɗa, ƙafafunsa suna jan ƙasa. Ya faɗi a wurin atisaye. An kai shi asibiti an ƙara masa ruwa. Ina bayan ƙofa na ji Bulus yana gaya wa Hajara abin da likita ya ce: jikinsa ya bushe, in ya sake gudu cikin rana ba ruwa a cikinsa, ƙodarsa tana iya tsayawa. Na tsaya da rariya a hannu, kunu yana zuba a ƙafata, ban ji zafinsa ba.

Washegari ya tashi da azuminsa, kamar ba shi ba.

Na kwana biyu ina juya abin. Sannan na ɗaga murya yadda za a ji daga zaure. "Hajara, ki gaya wa wancan, ina so in je Lakwaja sayen busasshen kifi, in akwai wuri a motarsu." Can sai na ji muryarsa, "Ki ce wa Yaya akwai wuri." Kocinsu dama yana neman wadda za ta riƙa dafa wa yara abinci, Maman Bulus ta riga ta ba da sunanta, ta ƙara da nawa. Hajara ba ta bi ni ba, don in ta tafi ba mai ɗebo ruwa, ba mai kula da ƙannenta. Ban yi tunanin cewa na bar bakina a gida ba sai da muka yi nisa.

Mota biyu aka yi, ta 'yan wasa da ta magoya baya, amma tamu ta cika har aka mayar da ni da Maman Bulus ta 'yan wasan, can baya, tukwane a tsakanin ƙafafunmu. Ɗaliban ɗaya motar suna biye da mu da ganguna da gwangwanaye, suna waƙa suna kiran sunayen yaran ɗaya bayan ɗaya. In sun zo kan nawa sai in duba taga. Muka wuce Paiko, muka wuce Lambata, daji duk ya ƙone ya yi fari, shanu a tsaye ƙarƙashin bishiyoyin da ba ganye. Bayan Suleja taya ta fashe. Muka sauka muka raɓe a inuwar motar, kwalta tana narkewa tana kama takalmi. A nan wani malamin kwalejin da ya rako su, mutum mai karatun addini, ya tara yaran musulmin ya ce matafiyi Allah ya yi masa rangwame, ya sha ya rama daga baya, ballantana mai aikin ƙarfi a gabansa. Suka sha. Dogo ya koma gefe ya zauna a kan dutse. Aka miƙo mini gora, na girgiza kai. Ni tunda na yi wayo, ko uzurin mata ya same ni, ba mahaluƙin da ya taɓa ganin ruwa a bakina da rana cikin watan nan.

Da muka hau babbar gadar da ke kan kogin Kwara na leƙa, sai da na yi salati. Ruwa iya ganin ido, yana tafiyarsa, ba mai bokiti, ba mai layi, ba mai faɗa a kansa. Na ce ashe akwai inda Allah ya ajiye shi haka.

Amma zafin garin nan, kada Allah ya maimaita. Zafin Minna ƙuna ne, na Lakwaja dahuwa ne. Iska ba ta motsi, in ta motsa kamar an buɗe murfin tukunya. Aka sauke mu a wata makaranta, yara a aji ɗaya, mu mata a wani. Muka kafa duwatsun murhu ƙarƙashin wata bishiyar ɗorawa. Ni ke tashi in ɗumama na sahur, wanda daga ni sai Dogo da malamin nan muke ci, Maman Bulus ta karɓi na safe da na rana, mu haɗu a na yamma. Kifin kuwa na saya tun washegarin zuwanmu, na ɗaure a buhu, don kada a ce.

"To kin sayi kifinki," in ji Maman Bulus. "Ga tasha can, sai ki kama hanya."

"Motar haya ba ta da tabbas."

"Haka ne. Kuma kifi yana son kallon ƙwallo."

Filin siminti ne a fili, ba rufi. Mutane sun kewaye shi, wasu a kan benci, wasu a kan katanga. Akwai allon da ake rubuta ci, ni ba na karatu, fuskar Maman Bulus ce allona. In ta tashi tana rawa da ɗankwali a hannu, mu ne a gaba. In ta dafa kai tana kiran Yesu, an wuce mu. Yaranmu suka ci wasan farko, suka ci na biye. Ɗalibanmu muryoyinsu suka dishe, gangar ɗaya ta fashe suka koma dukan bokitina. Ni ma, ba zan ɓoye ba, na yi ihu a cikin mayafi. Kowane wasa Dogo yana ciki da azuminsa, kuma kowane wasa idonsa yana ƙara faɗawa.

A wasan kusa da na ƙarshe ne na ga abin da ya tsinka mini zuciya. Ana cikin zagaye na biyu na duba rigunan yaran, duk sun jiƙe sun manne a bayansu, har ɗiga suke. Tasa a bushe. Gishirin gumin ɗazu ya yi fari a kafaɗunsa, sabo bai fito ba. Ubansa ya taɓa gaya mini, a kan layin jirgi ba mai zufa suke tsoro ba, wanda zufarsa ta ɗauke shi ake ɗaukowa a kan katako. Sun ci wasan. Ana ta murna, shi ya zaga bayan aji ya durƙusa yana kakarin amai, ba abin da ke fita. Da aka sha ruwa ya sha, cikinsa ya dawo da rabi. Bulus ya zo wurin murhu ya gaya wa uwarsa a hankali cewa fitsarin abokinsa ya koma kamar shayin da ba madara. Wasan ƙarshe kuwa gobe ne da la'asar.

Da safe koci ya same shi. Muna jin su daga gindin ɗorawa.

"Dogo, in ba ka sha ruwa ba, a benci za ka zauna."

"Koci, jiya ma da azumi na yi, mun ci."

"Jiya ka kusa mutuwa a hannuna!"

"Rai na Allah ne. In ka ajiye ni, wa zai tare dogon nan nasu?"

Koci ya kau da kai wajen fili. Wannan ya fi komai ba ni tsoro, don na gane shi ma yana son kofin, kuma in an matsa zai sa shi. Malamin ya je ya yi masa nasiha, ya jawo aya ya jawo hadisi. Yaron ya sunkuyar da kai ya ce ya ji, ya gode. Bai sha ba.

Na duba dama na duba hagu, ba Hajara. Na ce wa Maman Bulus, "Je ki ce wa wancan, an ce ya sha."

"Wa ya ce?"

"Ki ce an ce."

"Ke dai da ɗanki sai Allah. Kin haife shi ko kin tsince shi?"

Ta tafi tana mita. Ba ta jima ba ta dawo, wannan karon ba dariya a fuskarta. Ta zauna a kan turmi.

"Ya ce babansa ya ɗauki ƙarfen layi a ka cikin rana irin wannan, da azumi a bakinsa, bai taɓa sha ba. Na ce masa babanka bai yi tsalle ba. Sai ya ce, to Yaya fa? Ya ce ke ma matafiya ce, mota ɗaya kuka shigo, kina bakin wuta tun zuwanku, ko kurkure baki bai ga kin yi ba. Ya ce in mace mai shekarunki ta iya, shi wane ne?"

Ashe duk kwanakin nan da nake satar kallonsa, shi ma kallona yake. Ashe ni ce katangar da ya jingina da ita.

Na yi azahar. Na daɗe a kan sallaya. Ba tsoron zunubi nake ba, na ji abin da malam ya ce, kuma na san gaskiya ne. Abin da ya yi mini nauyi shi ne idon mutane, da nasa. Mace kamata, da rana tsaka, cikin watan azumi, gaban samari sa'o'in ɗanta, kuma gaban wanda ban taɓa kai ko ƙwayar gyaɗa bakina yana kallo ba. Na tuna surukata, na ce da tana raye da ta ce na zubar da mutuncin gida. Sannan na tuna rigar nan busasshiya.

Na tashi na ɗauki moɗa da tulun da muka aro. Yaran suna zaune a inuwar aji suna ɗaure takalma. Shi yana can ƙarshe, ya jingina kai da bango, leɓunansa sun tsage. Na ratsa su. Duk suka bi ni da ido. Na zo gabansa na zauna a ƙasa, abin da ban taɓa yi ba tun yana zanen goyo. Ya zabura zai tashi, ƙafarsa ta ƙi.

Ban dube shi ba. Na tsiyaya ruwa a moɗa, na yi bisimilla da ƙarfi yadda kowa zai ji, na kafa kai. Ruwan tulu ne, ba wani sanyi, da ƙanshin ƙasa, amma na ji saukarsa tun daga maƙogwaro har cikin cikina. Na shanye tas. Na sake cikawa, na ajiye a ƙasa tsakanina da shi. Sannan na juya wajen Maman Bulus, wadda ta biyo ni ta tsaya riƙe da baki.

"Maman Bulus, ni dai matafiya ce. Allah ya ba ni kyauta na karɓa. Masu aikin layi a garinsu suke, a gidansu suke kwana, ba a ba su irin wannan ba. Da an ba su da sun karɓa, don na san mai gidana ba ya mayar da hannun kyauta."

Ina jin ƙudaje. Ina ganin moɗar ta gefen ido, ruwan yana rawa kaɗan, ƙura tana sauka a kansa. Na ce a raina in ya ƙi, na zubar da azumina da kunyata a banza, kuma ba ni da wata dabara bayan wannan.

"Yaya," ya ce. Muryar kamar ana jan kara a ƙasa.

Na ci gaba da kallon Maman Bulus.

Sai na ga dogon hannun nan ya miƙo. Ya ɗauka da hannu biyu, yadda yara ke yi. Na ji bisimillarsa. Na ji ruwan yana wucewa.

Bulus ne ya fara tafi, uwarsa ta kai masa duka a ƙeya. "Rufe mana baki, ɗan banza, je ka kawo gishiri da sukari!" Koci ya zo a guje yana cewa a hankali, kaɗan-kaɗan, kada ya dawo da shi. Aka haɗa masa ruwan gishiri da sukari, aka kawo ayaba, na dama kunu mai ruwa-ruwa na bayar aka kai masa. Ni kuwa na koma gindin ɗorawa na juya wa duniya baya. Ban ƙara sa komai a bakina ba har magariba.

Da la'asar fili ya cika har kan bishiyoyi. Abokan karawar daga kudu suke, ƙarti, da nasu makaɗan. Koci bai sa Dogo da farko ba, ya bar shi a benci da gora a hannu da jiƙaƙƙen tawul a wuya. Aka yi ta cin mu. Maman Bulus ta ɗora hannu biyu a ka, ta kira Yesu, ta kira iyayenta da suka mutu, ta zagi alƙalin wasa da Hausa da Gbagyi. Ɗalibanmu suka fara kiran sunansa, suna dukan bokitina. Gab da hutu koci ya dafa kafaɗarsa, ya tashi.

In an tambaye ni yadda wasan nan ya tafi, ba zan iya faɗa ba. Ban kalli ƙwallo ba, ban kalli kwando ba. Bayan rigarsa nake kallo. Ya yi gudu ya dawo, a bushe. Ya yi tsalle ya sauko, a bushe. Na damƙe hannun Maman Bulus har ta yi ƙara. Can, bayan an dawo hutu, na ga wani ɗan duhu ya fito tsakanin kafaɗunsa, kamar tafin hannun jariri. Ya faɗaɗa. Ya gangaro har ƙugu. Da ya juyo, goshinsa yana ƙyalli, yana sharewa da gefen hannu.

Na saki hannunta na ce alhamdulillahi.

"Me kike godiya? Har yanzu suna gabanmu!"

"Ki bar su."

Daga baya aka ba ni labarin sauran, har na haddace. Wai mun yi ta binsu har muka kamo su. Wai a ƙarshe mutum biyu suka rufe Dogo, kowa ya ɗauka zai jefa, sai ya miƙa wa Bulus ta ƙarƙashin hammatar ɗayan, Bulus ya saka, usur ya tashi. Abin da na sani shi ne Maman Bulus ta faɗo kaina muka zube tare, ɗankwalinta a wani wuri, nawa a wani wuri. Aka ɗaga yaran sama. Aka kawo kofi, wani abu kamar babbar butar shayi mai kunne biyu, suna ta sumbatarsa. Na ce a raina, ashe a kan wannan ne. Ya yi kyau, ban ce bai yi ba. Amma ni na riga na karɓi nawa tun ana tsakiyar wasa.

A hanyar dawowa ya yi barci tun daga gada, kansa a kafaɗar Bulus, bakinsa a buɗe. Muna isowa Lambata hadarin da ya daɗe yana yi mana ƙarya ya cika alkawari. Direba ya tsaya don ba ya ganin hanya. Ɗalibai suka fita suna rawa a cikin ruwan da kofinsu, Maman Bulus tana lissafin wanda zai taya 'yan'uwanta tada kunyar doya a gona. Ƙanshin ƙasa ya cika motar. Shi bai farka ba, ni kuma ban bari an tashe shi ba.

Yau ga shi da furfura, gwiwoyi sun gaji, ɗansa na fari har ya fi shi tsayi. Matarsa a gabana take kiran yaron da sunansa, ta rungume shi, ta ci abinci kwano ɗaya da shi. Ina kallonsu, ba na cewa komai. Zamaninsu ne. Mu dai har gobe in ya zo gaishe ni a bakin ƙofa yake tsayawa, kuma maganar Lakwaja ba ta taɓa shiga tsakaninmu ba, ko sau ɗaya.

Sai dai abu guda. Bayan sallar waccan shekarar da 'yan kwanaki, damina ta zauna, rijiya ta kawo, na ce bari in rama ranar nan. Ban gaya wa kowa ba. Na tashi na ci ɗan abin da ya kwana, na mayar da murfi a hankali, na yi niyya. Da yamma na dama kunu daidai cikin mutum ɗaya. Ina cikin juyawa sai ga Hajara ta shigo tana danne dariya.

"Inna, wai an ce in gaya miki a ƙara ruwan kunun."

"In ji wa?"

"In ji wancan. Wai ya ji ƙarar murfin tukunya da asuba. Shi ma yau yake ramawa."

Na ci gaba da juya ludayi har sai da na tabbata muryata za ta fita daidai.

"Ki ce masa akwai."

Da ladan ya kira, shi yana zaure, ni ina ɗaki, bango ɗaya a tsakaninmu. Na riƙe tawa moɗar ban kai baki ba, sai da na ji ya ajiye tasa.